Godiyar da Na Kai Gidan Rediyo

Yanzu idan mutum ya haƙa rijiyar burtsatse a unguwa, hotonsa za ka fara gani kafin ka ga bakin famfo. Allon ya fi tankin girma, ga shi nan a jiki yana murmushi, ko ruwan ya ƙafe murmushin yana nan. Ba zagin kowa nake yi ba, kowa da zamaninsa. Ina zaune ne a unguwar Mairi ta Maiduguri, a gidan ɗana, ƙafa ta ƙi, ido ya rage, abin da bai gaji ba a jikina shi ne baki. Da aka kawo mini labarin rasuwar Baba Alhaji, jikokina suka kewaye ni suna karanto mini abin da mutane ke rubutawa a waya: masallatan da ya gina, rijiyoyi, makaranta, marayun da ya aurar. Ban ji ƙarya ko ɗaya ba. Sai dai duk waɗannan ya yi su ne bayan Allah ya buɗa masa, lokacin da kyauta ba ta rage masa tuwon gida. Ni na san shi tun yana da mota ɗaya tak a duniya, kuma ni ce na kashe wa motar kasuwa da bakina.

A Tsohuwar Maiduguri muka tashi, katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidansa, ita ma ba ta kai kafaɗar babba ba. Mu mutanen kudancin Borno ne, daga wani ƙauye can bayan Biu, kan duwatsu. Mahaifina malamin firamare ne, shi ya sa duk layin Malam ake ce masa, ran Lahadi kuma shi ke karatu a coci. Su kuwa Larabawan Shuwa ne. Da safe ba ka bukatar agogo. Kiran salla ne farko, sai ƙarar guga a rijiya, sai luguden matan Barebari, sai kukan jirgin ƙasa daga nesa, sannan masu tallan nono su shigo layi da ƙwarya a ka suna jan murya. Aikina na farko share 'ya'yan darbejiya da suka zuba a ƙofar gida, na biyu hura gawayi a dutsen guga saboda farar rigar Malam, wadda ba ta yarda da toka ko ƙwaya ɗaya. Ina shara ina surutu da duk wanda ya wuce, har Mama ta leƙo ta ce, “Ke, da tsintsiya ake shara, ba da harshe ba.” Ta saman katangar nan ake miƙo mana man shanu, mu kuma mu miƙa gyaɗa da wake idan an kawo daga gida. Yanzu katangu sun yi tsawo, an ɗora musu waya mai ƙaya, maƙwabcin ɗana shekara nawa muna tare ban san irin muryarsa ba.

Lokacin Baba Alhaji bai je Makka ba, bakina ne ya saba da kiransa haka. Makiyayi ne ɗan makiyayi, a bayan shanu ya taso, can wajen bakin tabki. Da babban farin nan ya zo, ya tsaya yana kallon garkensa na faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Sai ya tattara 'yan da suka rage, har da saniyar da ya gada wurin uwarsa, ya sayar, ya shigo gari ya sayi babbar mota mai bodin katako. Bai iya tuƙi ba, har ya bar duniya ban ji an ce ya riƙe sitiyari ba. Ya ɗauki direba, wani Babarbare dogo mai ƙarancin magana, suna ɗaukar bandar kifi daga kasuwar Baga Road suna kai wa fatake kudu. Kowace safiya sai ya fito ya zaga motar, ya shafa gefenta, ya duƙa ya duba tayoyi ɗaya-ɗaya, ya zuba mata ruwa da hannunsa, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa da Larabcinsu yadda ake lallashin saniya. Mu 'yan mata muna leƙe muna ƙunshe dariya. Mahaifina kan ce masa, “Maƙwabci, saura ka kai ta kiwo.” Shi kuma ya ce, “Malam, garkena ke nan gaba ɗaya. In ta kwanta, gidana ya kwanta.” Cikin raha yake faɗa, amma ba wasa ba ne. Mata biyu, 'ya'ya, da ƙannen da suka biyo shi daga daji, duk a bayan motar nan suke ci.

Na gama kwalejin horon malamai, na fara koyarwa, ina ji da kaina, ina ganin babu abin da ban sani ba, sai ciwo ya kwantar da mahaifina. Ni ce babba, mazan duk ƙanana ne. Kwana biyu kafin ya cika ya kira ni ya ce, “In abin ya zo, kada ki bar ni a yashin garin nan. Ki kai ni gida, gefen uwata.” Na ce to. Ya rasu da hantsi, a tsakiyar bazara, irin zafin Maiduguri da ko ƙadangare ke neman inuwa, kuma kowa ya san gawa ba ta jira a irin wannan rana. Kafintan cocinmu ya hau haɗa akwati, ni da wani dattijon coci muka nufi tasha neman mota.

A nan na fara sanin akwai abin da ba a koya mana a kwaleji ba. Yau in an yi rashi waya ake bugawa, farar mota ta zo da jiniya. A da babu wannan ga irinmu. Direba zai saurare ka da fara'a har ka ambaci gawa, sai ya tuna birkinsa ba shi da kyau. Akwai camfi mai ƙarfi a lokacin tsakanin direbobi da fatake, wai motar da ta ɗauki gawa ta ɗauki nauyin da ba ya sauka, ko ta faɗi a hanya, ko kayan da aka loda mata su yi kwantai, balle a ce kayan ci ne. Ni ban ɗauki zancen da muhimmanci ba. Na ɗauka rowa ce kawai da rashin tausayi, na kuma faɗa musu haka ido da ido, abin da bai ƙara mana komai ba. Muka dawo gida rana ta take, Mama ta dube ni, na girgiza kai. Dattawa suka fara cewa a haƙura a yi a nan, ƙasa duk ta Allah ce. Na zaga gindin katanga na zauna ina kuka, don na yi alkawari kuma ina gani zan karya shi.

Ta saman katangar na ji muryar Baba Alhaji. “Ya binti, me Malam ya ce miki?” Haka yake kirana, wato 'yata. Na faɗa masa. Ya ce, “Ni ma ya faɗa mini.” Ya juya ya fita. Ashe motarsa tana Baga Road an yi rabin lodi, kwalaye sun hau, fatake na jira. Ya je ya ce a sauke, wata lalura ta gida ta taso, ya haɗa su da wata motar. Bai yi ƙarya ba, bai kuma ƙara bayani ba. Aka shigo da ita ta bayan layi, inda babu idon jama'a. Direban ya sauko fuska a murtuke ya ce, “Maigida, ka san abin da kake yi kuwa?” Ya ce, “Na sani. Kalas, magana ta ƙare.” Matan cocinmu suka hau da bokitai, da sabulu da toka, suka wanke katakon har sau uku, amma duk wanda ya san banda ya san ba a korar warinta da sabulu. Sai uwargidansa ta fito da kasko da turaren wuta, irin wanda ake ɓoyewa sai ranar biki, ta turare motar ciki da bai. Haka mahaifina, mutumin da bai yarda da ɗigon miya a riga ba, ya yi tafiyarsa ta ƙarshe cikin ƙamshin amare da warin tarwaɗa. Na san da yana gani da ya yi dariya.

Kafin mu tashi Baba Alhaji ya ja ni gefe. “Ya binti, abu ɗaya nake roƙo. Tafiyar nan ta tsaya tsakanin gidana da gidanku. Kada kasuwa ta ji.” Na ce, “To, Baba.” Ya roƙi dattawan coci ma, su sun gane abin da yake tsoro. Ni kuwa ɗauka na yi kunya ce irin ta mutanen kirki, waɗanda in ka gode musu sai su sunkuyar da kai. Ko da ya hana a soka ɗanyen ganye a gaban motar, yadda ake yi wa motar gawa, sai da muka bar gari da nisa, ban haɗa wannan da wancan ba.

Shi ya zauna gaba kusa da direba, mu muna baya kewaye da akwati, mata na waƙoƙin coci suna riƙe da katako saboda gargada. Da la'asar ta yi suka tsaya gefen hanya bayan Dambuwa, shi da direba suka yi alwala suka ta da salla. Babu wanda ya ce mana mu yi shiru, waƙar ce ta sauka da kanta har suka sallame. Muka isa rana na faɗuwa, washegari da sassafe aka sa Malam gefen uwarsa. Baba Alhaji na tsaye can gindin wata ɗorawa, hannu a baya, har aka gama. Ya zo ya yi wa Mama gaisuwa, dattawan ƙauye suka jawo masa akuya, ya ce a yanka wa masu haƙa kabari, shi da direba suka juya.

To a wurinmu godiya ba a yin ta a ɓoye. Bayan makoki akan tsaya gaban jama'a a coci a kira sunan duk wanda ya taimaka, wanda ya kawo itace, wadda ta kawo tsaba, wanda ya riƙe diga. In aka tsallake sunan mutum an ci mutuncinsa, kuma za a ce gidan ba su da tarbiyya. Haka mahaifina ya rene mu. Da muka dawo gari na zauna ina ta saƙawa: mai itace a kira sunansa, mutumin da ya sauke kayan fatake ya kai ubana gida a yi shiru? Kuma shi ba coci yake shiga ba balle ya ji. Sai dabara ta zo mini, irin dabarar mai sabon ilimi. Lokacin gidan rediyo na da filin sanarwa da yamma, ta rasuwa da ta biki da cigiya, kuma babu rumfar da ba a kunna shi. Ba kamar yanzu ba da kowa ke da gidan rediyonsa a aljihu, kowa na magana babu mai saurare. A da in aka faɗi abu a akwatin nan, gari ɗaya ya ji. Na samu takarda mai kyau na rubuta da rubutuna na malamai. Mama ta ce, “Mutumin nan ya ce ki yi shiru.” Na ce, “Mama, kunya ce kawai. Wa ke ƙin a gode masa?” Ta ce, “Ni dai ban yi boko ba, amma in mutum ya ce kada, ina jin kada yake nufi.” Na sa takalmina na fita.

Ban rage komai ba. Na sa sunansa da na ubansa, na sa unguwa, na ce mai motar kifi ta Baga Road, wanda ya ba da motarsa ta kai gawar mahaifinmu har gida. Da mai sanarwa ya karanta da muryar nan tasa mai gardi, ina tsakar gida ina jin na fid da gidan Malam kunya. Har na leƙa ta katanga ko zan ga ana murna. Uwargidansa na tsaye da muciya a hannu, ta dube ni, ta shige ɗaki.

Kwana uku motar na tsaye gindin darbejiya, na ce hutu ne. Aka yi mako, aka shiga na biyu, ganye ya taru a kan bodi, awaki suka mai da ƙarƙashinta wurin kwanciya. Man shanu bai daina zuwa ta katanga ba, ƙwaryar ce dai ta ƙanƙance. Baba Alhaji na amsa gaisuwata, amma na lura yana fita da sassafe a ƙafa, ya dawo da yamma ƙafafu butu-butu. Direban ne ya fasa mini. Na gamu da shi a bakin titi, na ce masa wushe, wato sannu da Barbarci, bai amsa ba. Ya ce, “Malama, kin san aikin da kika yi? Ana cikin lodi aka karanta takardarki, ina kan mota ina ɗaure igiya. Fatake suka ce a sauke musu kaya, har waɗanda suka daɗe suna bin mu. Yanzu ko ɗan dako ba ya jingina da ita, motar gawa suke ce mata. An ba shi shawara ya sake mata fenti ya kai ta garin da ba a san ta ba ya sayar, ya ce ba zai sayar wa mutum abu yana ɓoye masa labarinsa ba. Maigida ya koma kasuwar shanu yana kora wa mutane dabbobi. Mai mota guda, yana bin shanun wasu da sanda! Ni ma aiki zan nema, ina da iyali.”

Ban san yadda na iso gida ba. Na sha jin kunya a rayuwata, amma ban taɓa jin irin ta ranar ba, don babu wanda zan ɗora wa. An gaya mini da baki, uwata ta maimaita mini, na tsallake duka don ina so a ce 'yar Malam ta san ya kamata. Mama ba ta ce ai na faɗa miki ba, da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Ta dai miƙo mini gyale ta ce, “Ƙofarsu ba ta da nisa.”

Na same shi a zaure bayan la'asar, ya dawo daga kasuwa, ya tsoma ƙafafu a kwanon ruwa. Na durƙusa daga bakin ƙofa. Ni da ba a rufe mini baki, abin da na iya cewa kawai shi ne, “Baba, na cuce ka.”

“Kin dai gode mini,” ya ce. “Da ƙarfi.”

“Zan koma gidan rediyon. In ce kuskure aka yi, ba motarka ba ce.”

“Motar wa ce?”

Na sunkuyar da kai.

“Ya binti, gaskiya ma ga inda ta kai mu, balle ƙarya. Bar shi. Na ji haushinki, ba zan ɓoye miki ba. Kwana uku ban so jin muryarki ta katanga ba, kuma kin san muryarki ba a guje mata.” Ya ɗan murmusa. “Amma in tambaye ki. An sa Malam inda ya ce?”

“An sa shi, Baba. Ai kana wurin.”

“To. Fari ya cinye mini shanu ina kallo, bai kai kowa ko'ina ba. 'Yan da suka rage sun kai maƙwabcina gida. Ba su tafi a banza ba.”

Da ya zage ni da na daure. Wannan kuwa ban iya ba, na kifa kai ina kuka. Ina cikin haka aka yi sallama. Maza biyu ne da wata mace mai goyo, daga ganin idanunsu ka san abin da ya kawo su. Babban ya cire hula ya ce su mutanen wajen Gwoza ne, ƙaninsa lebura ne a garin nan, ya rasu ɗazu, ga matarsa nan. Sun zaga tasha duk an ƙi su. “Sai wani ya ce ya ji a rediyo akwai wani bawan Allah a unguwar nan mai mota. Shi ne muka yi ta tambaya har aka nuna mana gidan.”

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ga mutum na raba shi da abincinsa, ga shi kuma na jawo masa jama'a har zaure. Na buɗe baki zan ce musu motar ta lalace, ya ɗaga mini hannu. Ya daɗe yana kallon ƙafafunsa a cikin ruwa. A wannan karon na gane abin da yake aunawa. In sau ɗaya ta yi, wata rana kasuwa za ta manta, fatake su dawo. In ta yi na biyu, shi ke nan. Ya ciro ƙafafun ya goge, ya ce wa baƙin su zauna a kawo musu ruwa, ya yi wa matar gaisuwa. Sannan ya juyo gare ni.

“Ke kika kira su. Tashi ki nemo mini direba kafin ya kama aikin wani. Ki ce masa in dai ina iya kora shanu, gidansa ba zai rasa tuwo ba.”

Na fita a guje, gyale a hannu. Ya daɗe yana bin shanun mutane a ƙafa kafin Allah ya buɗa masa ta kasuwar shanun, ya sayi motocin da ban san adadinsu ba. Waccan ta farko kuwa, duk wanda ya yi rashi a garin nan ba shi da mai kai masa ya san inda take tsayawa, kuma ba a tambayarsa coci yake zuwa ko masallaci. Ba ta sake ɗaukar kifi ba har katakonta ya ruɓe.